Na ƙara albashi, amma malamaina sai tafiya suke yi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ina da makarantar firamare mai zaman kanta a Zariya, malamaina goma sha huɗu. A bana kaɗai biyar sun ajiye aiki. Tun da aka cire tallafin mai na ƙara musu kuɗin mota, kuma biyan albashi ba ya wuce ranar 5 ga wata. Abin da ya fi ƙona min rai, biyu sun koma makarantar da ba ta fi ni biya ba. Ni mace ce mai tsari: wanda ya makara a yanke masa, wanda iyaye suka kawo ƙararsa in kira shi ofis nan take a gabansu. Anya ba hannu aka sa min ba? Daga Hajiya, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ajiye batun sa hannu, amsarki tana cikin wasiƙarki. Waɗannan biyun da suka koma inda kuɗin bai fi naki ba sun riga sun gaya miki cewa ba albashi ya kore su ba.

Kada ki ji na ce kuɗi ba komai ba ne. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne. Dokar ta ɗauke wa mai ma'aikata ƙasa da 25 wannan nauyi, amma mai awo a kasuwa bai ɗauke wa malamanki komai ba. In da hali ki ƙara. Sai dai abin da na tsaya a kai shi ne kiran malami ofis a gaban iyaye.

Ki duba yinin malamar aji uku. Ta fito da sassafe, ta yi rigimar Keke Napep, ta tarar da yara cike da aji, ga littattafan da za ta duba, ga tsarin darasi da za ta rubuta. Wannan duk tana iya ɗauka. Sai wani uba ya shigo yana kumfar baki wai an duki ɗansa, ke kuma kafin ki ji ta bakinta kin tsayar da ita a gabansa kina tuhuma. Daga ranar ta san in ruwa ya ci ta babu mai miƙo mata hannu. Mutum yana jure aiki mai nauyi in ya san akwai wanda zai tsaya masa. In babu, ko ƙaramin abu sai ya hana shi barci.

Masana sun daɗe da auna wannan. A Ingila, Farfesa Michael Marmot da abokan aikinsa sun fara bin lafiyar ma'aikatan gwamnati sama da 10,000 a Landan tun 1985. Sun gano cewa waɗanda ba su da ta cewa a kan aikinsu sun fi kamuwa da ciwon zuciya, waɗanda kuma ba sa samun goyon bayan shugabanni da abokan aiki sun fi faɗawa damuwa. Dalilin a jiki yake: in fargaba ta zama ta kullum, sinadaran da jiki ke saki lokacin tsoro ba sa sauka, jini ya hau, barci ya lalace, haƙuri ya ƙare. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiyar a matsayin abin da wurin aiki ke haifarwa, ta ce alamunta su ne ƙarewar ƙarfi, fitar aikin daga rai, da raguwar ƙwazo. Malamin da ya kai nan, ko bai rubuta takardar ajiye aiki ba, zuciyarsa ta tafi.

To, ga abin da zan yi in ni ce ke. In uba ya kawo ƙara, ki zaunar da shi, ki ba shi ruwa, ki ce za ki bincika. Ki ji ta bakin malama ku biyu kaɗai. In ta yi laifi ki yi mata faɗa a ɗaki, in ba ta yi ba ki faɗa wa uban ƙarara, ko da zai cire ɗansa. Kuɗin makarantar yaro ɗaya bai kai asarar malamar da ta san yaranki da iyayensu ba, balle wahalar neman sabuwa a tsakiyar zango.

Yankan albashi kan makara kuma, ki sassauta. Wadda ta makara sau ɗaya don ɗanta ya kwana da zazzaɓi daban take da wanda ya mayar da abin ɗabi'a. Ki tambaya kafin ki yanke. Haka ranar awon ciki, da rasuwa, da suna: ki tsara yadda wani zai riƙe ajin, ke ma ki leƙa gaisuwa da ƙafarki. Mutanenmu ba sa manta wanda ya zo musu ta'aziyya.

Akwai kuma abin da ba ke za ki ba su ba, junansu ne. Ki ware musu ɗaki da za su zauna su ci abinci tare ba tare da kina leƙe ba. In sun fara adashi, ki bar su, kada ki zama uwar adashin. Sabuwar malama ki haɗa ta da tsohuwa ta riƙa nuna mata hanya a zangon farko. Kuma don Allah in kina da mai kawo miki rahoton abin da ake faɗa a ɗakin malamai, ki sallami wannan aikin yau, domin shi ke sa kowa ya kama bakinsa ya fara neman wani wuri a ɓoye.

Tara ɗin da suka rage, ki kira su ɗaya bayan ɗaya kafin hutun zango, ki tambayi kowa abin da ya fi takura masa a aikin. Ranar farko za su ce lafiya lau, Hajiya. Ki zaɓi abu ɗaya da kika san yana damunsu ki gyara a makon, sannan ki sake tambaya.