Janaretan farko a Minecraft: fara duba abin da yake ci

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka buɗe sabuwar duniya a modfak, wato tarin mod (ƙare-ƙaren da ake ɗora wa wasan), mai Mekanism da Thermal da Immersive Engineering, ƙarfenka kaɗan ne, kuma kana son sanin janaretan da ya fi dacewa ka fara da shi. Mu da muke bugawa a nan Gombe mun sha wannan gardamar, kuma ni dai inda na tsaya shi ne: kada yawan wutar da janareta yake bayarwa ya ruɗe ka. Tambayi abin da yake ci, da kuma wanda zai riƙa kai masa.

Dalilina shi ne yanayinmu. Yawancinmu a kan batirin laftof muke wasa idan an ɗauke wuta, kuma duniyarka ba ta motsi sai kwamfutar tana kunne. Ɗan lokacin da ka samu, asara ne ya ƙare a jigilar kwal daga rami zuwa gida.

Ka fara da Stirling Dynamo na Thermal. Ƙarfe ne da dutse da redstone da zinariya kaɗan, yana ba da RF 40 a kowane tik. RF ma'aunin wuta ne, tik kuma bugun agogon wasan, guda 20 ne a daƙiƙa ɗaya. Injin niƙa na Pulverizer yana jan 20, murhun Redstone Furnace ma 20, ka ga janareta ɗaya ya riƙe su duka biyun, ƙarfen da kake haƙowa ya fara ƙaruwa ke nan. A tsofaffin fak na sigar Minecraft 1.12 za ka tarar da Steam Dynamo ne a madadinsa, shi kuma sai an haɗa masa ruwa. Kada ka ba shi kwal, gawayi za ka ba shi. Gawayi ɗaya yana ƙona gungume takwas a murhu, kowane gungume ya zama gawayi, saura bakwai ribarka ce. Shuka 'ya'yan spruce huɗu a manne da juna, za su tashi ƙatuwar bishiya guda wadda icenta zai daɗe yana ciyar da kai.

Heat Generator na Mekanism ma yana da araha: ƙarfe, katako, tagulla, osmium ɗaya da murhu. Mutane suna son kewaye shi da narkakken dutse don ya riƙa ba da wuta kyauta. Yana bayarwa, amma kaɗan ce, ba za ta riƙe maka injuna ba. Amfaninsa a wurina shi ne ya kunna Metallurgic Infuser, injin da ke cusa wani sinadari a cikin ƙarfe, shi ke nan.

Kuma wannan Infuser ɗin shi ne ƙofar abin da nake so ka nufa, wato Wind Generator, janaretan iska. Ba ya cin komai, ba ruwansa da dare ko ruwan sama. Sharaɗinsa biyu ne kawai: kada wani abu ya rufe samansa, sannan tsayi. A ƙasa-ƙasa yana ba da J 60 a tik (J shi ne ma'aunin wutar Mekanism), can ƙololuwa ya kai 480. Tunda J biyu da rabi ne RF ɗaya, ka ce daga RF 24 zuwa 192. Dubi tazarar da kyau, ninki takwas ne, kuma janareta ɗaya ne, wurin dasa shi kawai ya bambanta. Shi ya sa idan wani ya ce maka na iska ba shi da ƙarfi, tambaye shi inda ya kafa shi. Mafi yawa a bakin ƙofar gida ne, kusa da teku. Hau tsauni, ko ka gina hasumiya, ka sauko da wayar Universal Cable. Kuɗin wayar zai ɗan ciwo, amma sau ɗaya ake biya. Abin da ya hana ya zama na farko shi ne kayan haɗinsa: Energy Tablet biyu da Infused Alloy da Basic Control Circuit, duk sai da wuta ake yin su.

Na hasken rana ƙarami, bar shi tukuna. Yini da dare a wasan minti 20 ne gaba ɗaya, kusan rabi yana kwance.

Ƙafar ruwa (Water Wheel) ta Immersive Engineering kuwa ina ƙaunarta har raina. Ruwa ya juya ta, ta juya Kinetic Dynamo, kamar dai yadda ruwan Gongola yake juya injunan madatsar Dadin Kowa. Ana jera har uku a kan dinamo ɗaya. Sai dai hanyarta da nisa: ka gina Coke Oven na bulo 27, ka jira man creosote da yake fitarwa ya taru, ka jiƙa katako da shi, ka nemo sitil. Sannan yadda ka bi da ruwan a jikinta shi ke yanke yawan wutar. Aiki ne na wanda ya riga ya zauna da gindinsa, ba na mai neman wutar yau ba.

Idan fak ɗinka 1.17 ne zuwa sama, akwai wata dabara. Sa narkakken dutse a saman bulo, ka maƙala dripstone mai tsini a ƙarƙashi, ka ajiye kasko (cauldron) a ƙasa, zai riƙa ɗiga har ya cika. A hankali yake, sai ka jera da yawa kafin su ciyar da Magmatic Dynamo, janaretan Thermal mai cin narkakken dutse.

Alƙaluman nan na asalin saitin mod ne, masu haɗa fak sukan taɓa su, don haka leƙa JEI, mod ɗin da ke nuna yadda ake haɗa kaya, kafin ka kashe ƙarfenka. Da zarar na iskanka ya tashi, haɗa Basic Energy Cube, batirin Mekanism, tsakaninsa da injuna don rarar ta taru. Stirling ɗin kuma kada ka fasa shi, ɗauke shi ka tafi da shi duk inda za ka buɗe sabon wurin haƙa.