Hoton Ciki da Ayar Mabuɗan Gaibu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da cikin wata biyar. Na je awo aka yi mini hoton ciki, likita ta ce mace zan haifa. Da na gaya wa surukata sai ta ce in yi istigfari, wai babu wanda ya san abin da ke cikin mahaifa sai Allah, gaskata likita kamar gaskata boka ne. Ƙanena ɗan jami'a kuma ya ce ai kimiyya ta wuce nan, har ruwan sama ana faɗin lokacin saukarsa. Shin na yi laifi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar uwa, ki kwantar da hankalinki, babu laifi a kanki. Allah ya sauke ki lafiya.

Ayar da surukarki take nufi ita ce ta 34 a Suratu Luƙman, inda Allah ya ambaci abubuwa biyar: sanin Sa'a, saukar da ruwa, abin da ke cikin mahaifu, abin da rai zai aikata gobe, da ƙasar da zai mutu. Annabi (SAW) ya kira su mabuɗan gaibu a hadisin Ibn Umar da Bukhari ya ruwaito. Kishinta ga ayar abin yabo ne, fahimtar ce take buƙatar gyara.

Ayar cewa ta yi "ma fil arham", wato abin da ke cikin mahaifu, kuma wannan lafazi ya fi "namiji ko mace" faɗi nesa ba kusa ba. A hadisin Ibn Mas'ud, mala'ika yana rubuta wa ɗan tayi abubuwa huɗu: arzikinsa, ajalinsa, aikinsa, da ko ɗan wuta ne ko ɗan aljanna. Wace na'ura ce ta taɓa nuna ɗaya daga cikinsu? A ruwayar Muslim daga Huzaifa bin Asid kuwa, bayan dare 42 mala'ikan yakan tambaya, "Ya Ubangiji, namiji ne ko mace?" sai Allah ya hukunta, shi kuma ya rubuta. Kin ga tun daga nan wata halitta ta riga ta sani. Shi ya sa Ibn Kasir, wanda ya rasu a 774 bayan Hijira, ya ce idan Allah ya yi umarni da kasancewarsa namiji ko mace, mala'ikun da aka wakilta sukan sani, haka ma wanda Allah ya so daga halittunsa. Ya faɗi haka ƙarnuka kafin a ƙera na'urar, don haka ba za a ce malamai sun lanƙwasa ayar don su tsira daga likitoci ba.

Malamanmu na Malikiyya ma sun taɓo batun. Ƙurɗubi ya ciro daga Alƙali Ibnul Arabi cewa likitan da ya kalli wata alama a jikin mai ciki ya ce namiji ne ko mace, muddin ya ɗauki hakan a matsayin abin da aka saba gani, bai ce dole ne ya kasance ba, to bai kafirta ba kuma bai fasiƙanta ba. Ina ga wanda ya gani da idonsa? Na'urar tana aika sautin da kunne ba ya ji, ya bugi jikin jariri ya dawo, ta mayar da shi hoto. Galibi tsakanin mako 18 zuwa 22 ake duba gaɓoɓi, lokacin da halitta ta riga ta bayyana. Abin da ya kammala, fatar ciki kawai ta raba mu da shi, kamar baƙon da ke bayan labule ne: ɓoyayye gare ki, bayyananne ga wanda ya leƙa. Boka yana da'awar sani ba tare da wani sababi da za a iya bincika ba, likita kuwa za ta juyo miki allon ki gani. Duk da haka akan yi kuskure. Gida nawa aka tanadi kayan 'ya mace, ranar suna aka raɗa wa namiji?

Shi kuma ƙanenki ya yi gaggawa. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina duk shekara, kuma sauraronsa halal ne. Manomin da ya ga hadari ya haɗo daga gabas, iska ta sauya, ya ce a kwashe shanya, babu mai ce masa boka. Alƙur'ani da kansa ya kira iskoki bushara gabanin rahamar Allah. Abin da aka hana shi ne jingina ruwan ga tauraro, kamar yadda ya zo a hadisin Zaid bin Khalid na Hudaibiyya. Amma ya tambayi masu hasashen: su da kansu da "akwai yiwuwar" suke magana, kuma sun yarda cewa hasashen rana-rana ba ya da tabbas idan ya haura kamar mako biyu, domin ƙaramin kuskure a awon yau yana ninkuwa har ya rushe lissafin. Masana sararin samaniya ma suna cewa duk abin da muke iya gani, taurari da duniyoyi da mu kanmu, kusan kashi 5 ne cikin 100 na abin da ke akwai. Abin da ya rage kuwa, suna kawai suka raɗa masa, har yau ba su san haƙiƙarsa ba. Wanda bai gama sanin halitta ba, ta yaya zai ce ya wuce maganar Mahalicci? "Ba a ba ku daga ilimi ba sai kaɗan," in ji aya ta 85 a Suratul Isra'i.

Ni kam ina jin tsoron irin kariyar surukarki fiye da gaggawar ƙanenki. Idan muka ce wa yaro addini ya ƙaryata abin da yake gani a allo, gobe ya ga jaririyar ta zo kamar yadda aka faɗa, addinin zai tuhuma, alhali fahimtarmu ce ta gaza.

Saboda haka yin hoton ciki ya halatta, har ana son sa idan lafiyarki ko ta jaririn ta buƙata, kamar sanin kwanciyarsa ko inda mabiyiya take. Tambayar jinsi ma ta halatta. Ki riƙa cewa "in sha Allah mace ce". Haramun ne a zubar da ciki ko a ƙuntata wa mace don an ce 'ya mace ce. Surukarki kuwa uwa ce, kada ki ja da ita. Ki bar mijinki ya karanta mata wannan cikin ladabi.

Wallahu a'alam.