Jazz ko Yaris: wacce za ta jure hanyar ƙauyenmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni shugaban makarantar firamare ne a wani ƙauye da ke yankin Taura. Na daɗe ina hawan babur, yanzu gwiwa ta fara ƙorafi, iyali kuma sun ƙaru. Na haɗa kuɗin adashi da na shanun da na sayar, dillali a Kano ya nuna mini motoci biyu da kuɗinsu ya yi kusa da juna: Honda Jazz ta 2006 mai giya atomatik, 'yar Beljiyam da ba a taɓa hawa a nan ba, da Toyota Yaris ta 2007 mai giyar hannu wadda wani ya hau shekara biyu a Kano. Daga gidana zuwa bakin kwalta burji ne, yashi da rani, taɓo da damina. Ranar Lahadi nakan je Gujungu, wani lokaci in dawo da buhu ɗaya ko biyu. Raina ya fi kwantawa da Jazz saboda faɗinta, maiɗakina ma ita take so. Wacce zan ɗauka?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a saya a sa'a. Ka ɗauki Yaris ɗin, ka ba uwargida haƙuri. Ba don Toyota ta fi Honda ba, a'a, giyar da ke cikin wannan Jazz ɗin ce ba ta dace da hanyarku ba.

Uwargida ba ta yi kuskure ba wajen faɗi. Masu ƙera Jazz sun ɗauke tankin mai daga baya suka kai shi ƙarƙashin kujerun gaba, shi ya sa gidan bayanta yake da zurfi. Kujerun baya suna kwantawa su yi daidai da but, ko kuma ka ɗaga mazauninsu sama ka tsayar da kaya mai tsawo. But ɗin Yaris bai kai nata ba, ko da ka zame kujerar baya gaba. Da a ce cikin Dutse kake zaune, daga gida sai ofis a kan kwalta, da ban hana ka ita ba.

Amma Jazz ta waɗannan shekaru, wadda aka fara fitarwa a Jafan a 2001 da sunan Fit, in ta zo daga Turai da atomatik, to irin giyar nan ce da ake kira CVT. Ba ta da giya ɗaya, biyu, uku kamar wadda bakanikenmu suka saba buɗewa. Bel ne na ƙarfe yake gudu tsakanin fulai biyu, suna buɗewa suna tsukewa gwargwadon yadda ka taka totur. A kwalta tana da daɗi kuma ba ta shan mai. Matsalarta biyu ce: ba ta son zafi, ba ta kuma son kowane irin man giya sai nata. Ranar da ka kafe a yashi kana taka totur, taya tana juyawa a wuri ɗaya, kana sa gaba kana sa ribas, bel ɗin nan kake dafawa. Ranar da yaron gareji ya zuba mata jan man giya na atomatik ɗin da aka saba, wai ai duk ɗaya ne, daga nan lissafi ya fara. Na sha ganin irinta an jawo ta da igiya zuwa garejinmu, bodi fes, fenti na ƙyalli, injin na tashi lafiya lau, amma ka sa giya ta ƙi motsi. Ƙarshenta sai an je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano an sayo wata giyar ɗungurungum, ita ma tsohuwa ce ba ka san tarihinta ba.

In ka koma wurin dillalin ka gwada da kanka. Ka sa ta a D, ka saki birki a hankali, ka ɗan taɓa totur. In ka ji ta yi karkarwa kafin ta miƙe, kuloci na cikin giyar ne ya fara gajiya, kuma sanannen ciwo ne a wannan samfurin.

Ga wani abu da mutanen birni ba sa tunawa. Batir zai mutu maka wata rana da asuba, babu wata mota kusa. Mai giyar hannu, ka kira ɗalibanka manya su tura, ka sa giya biyu, ka saki kuloci, ta tashi. Atomatik ba a tura ta ta tashi, sai ka aika a ɗauko batir a kan babur.

Sai batun fulogi. Injin Jazz ɗin Turai na wancan lokaci silinda huɗu ne amma fulogi takwas, biyu a kowace silinda, kowane da kwayil ɗinsa. Huɗu suna gaba a fili, huɗu suna baya. Bakaniken da bai san ta ba zai canza na gaba ya ce ya gama, mota ta ci gaba da tari tana shan mai, kai kuma kana zargin gidan mai. Injin ne mai ƙarko, ban ce komai a kansa ba, sai dai yana son wanda ya san shi, irin wannan kuwa ya fi yawa a Kano fiye da Taura ko Ringim.

Yaris ma ba a rufe ido a ɗauka. Abu na farko, ka buɗe bonet ka tabbata injin 1.3 ne mai silinda huɗu. Akwai 1.0 mai silinda uku, shi ya fi kowa rowar mai, amma ka ɗauki mutum huɗu da buhun gero ka kunna AC za ka ji yana nishi. Na biyu, ka leƙa ƙasa ka ga feda uku. Akwai Yaris ta Turai mai wata giya da ake kira MMT, babu fedar kuloci, an rubuta E da M a jikin sandar giyar. Ita ma ka guje ta, don na'urar da ke taka mata kuloci in ta lalace sai mai kwamfuta. Tunda dillali ya ce ta hannu ce, idonka ya tabbatar. Mitar gudunta a tsakiyar dashbod take, ba a bayan sitiyari ba. Haka aka ƙera ta, kada ka ɗauka an taɓa ta.

Wajen shan mai ba wani bambancin kirki tsakaninsu, tankin kowacce lita 42 ne. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki ta kuma ci gaba da hawa, ƙananan motocin nan suka yi daraja, shi ya sa ka ji kuɗinsu haka. Jazz da Yaris dukansu sarƙar taimin ce a injinsu ba bel ba, wannan ya rage maka wani kashe kuɗin.

Da yake an hau Yaris ɗin a gida, ga abin da nake fara dubawa. Bakanikenmu da yawa suna da al'adar cire tamostat, na'urar da ke daidaita zafin injin, su haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Sakamakon shi ne injin ba ya kai zafin da ya kamata, sai ya riƙa shan mai fiye da ƙa'ida. In ka murɗa makulli da safe fanka ta tashi nan take, an yi mata wannan aikin, a mayar da shi yadda yake. Ka buɗe lagireto injin na sanyi, in ruwan ya yi jan tsatsa to ruwan rijiya ake zuba mata. Ka sa a ɗaga ta a duba shokozoba da ƙasan injin. Ka je da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma ku je da sassafe kafin a ɗumama ta.

Kalmar 'yar Beljiyam kada ta ruɗe ka. Motar 2006 ta tsufa ko daga ina ta fito, kuma a Turai ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, sai ka tarar sama na sheƙi ƙasa ta ci tsatsa. Wasu kuma daga Ingila ko Jafan suke, sitiyarinsu a dama, a nan aka mayar da shi hagu. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma motar da aka yi wa wannan tiyata ba na ba kowa shawarar ya sa iyalinsa a ciki. Kowacce ka ɗauka, ka karɓi takardar kwastam ka gwada lambar casis da ke jikinta da ta jikin motar. An hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa a Janairun 2017, kai kuma hanyarka ba ta da nisa da Maigatari da ke bakin iyakar Nijar, za a tsayar da kai a tambaya.

Maganar buhu kuwa, Malam, ɗaya ya isa in kai kaɗai ne ko ku biyu. Buhun gero cikakke ya kai nauyin babban mutum har da ƙari, motocin nan kuma dukansu suna kusa da ƙasa. Buhu biyu da iyali a kan burji, salansa ce za ta fara gaisawa da dutse. Ranar da kayan suka yi yawa ka ba motar kasuwa ta kawo maka.

In kuwa uwargida ta kafe a kan Jazz, akwai mafita: ka ce wa dillalin ya nemo maka mai giyar hannu, suna nan a kasuwa. Ka gwada ta a hanya, ka saurara ko giyar tana kuka a ɗaya da biyu. In ta yi shiru, takardu suka cika, ka biya, sannan ka sa a daina tsallake fulogin baya ranar sabis.