Tambaya da Amsa: Shin Mai Kumburin Bangon Tumbi Zai Iya Shan Lemo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar makarantar firamare ce a Zariya, shekaruna 38. Wata uku da suka wuce na fara jin zafi a ƙahon zuciya, da yawan gyatsa, da tashin zuciya da sassafe. Da na je asibiti aka zura mini na'ura mai kyamara ta baki, likita ya ce babu gyambo, sai dai bangon tumbina ya kumbura ya yi ja, aka ba ni omeprazole, wato maganin rage asid ɗin tumbi. Tun daga ranar kowa ya zama likitana. Surukata ta ce kada in ƙara kusantar lemo kowane iri har abada, ƙawata kuma ta ce lemon tsami a ruwan ɗumi kafin karin kumallo shi ne maganin ciwon, domin wai yana kashe tsamin ciki. Ni kuwa ina son lemon zaƙi ƙwarai. Maganar wa zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara sauƙi. A halin da kike ciki yanzu surukarki ta fi kusa da daidai, sai dai “har abada” ɗin da ta ƙara ya yi yawa. Shawarar ƙawarki kuwa ki ajiye ta gefe guda, kuma zan faɗi dalili.

Da farko ya kamata a rarrabe ciwonki da abin da Bahaushe ya saba kira kumburin ciki, wato cikar ciki da iska bayan an ci wake ko an cika tumbi da yawa. Naki ciwon a jikin tumbin yake. Allah ya lulluɓe bangon tumbi ta ciki da wani yauƙi mai kauri wanda ke kare shi daga ruwan asid ɗin da tumbin da kansa yake fitarwa don narkar da abinci, kuma idan wani abu ya raunana wannan kariya sai asid ya riƙa taɓa naman kai tsaye, wurin ya yi ja ya kumbura. Idan abin ya yi nisa har naman ya zaizaye ya yi rami, shi ne gyambon ciki, wanda aka fi sani da olsa.

Abubuwan da suka fi raunana wannan kariya sanannu ne, kuma lemo ba ya cikinsu. Na farko wata ƙwayar cuta ce da ake kira Helicobacter pylori, wadda galibi mutum kan ɗauke ta tun yana yaro, ta zauna a tumbinsa shekara da shekaru. Likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su ne suka tabbatar da alaƙarta da wannan ciwo a farkon shekarun 1980, har Marshall ya kurɓi ruwan da ke ɗauke da ƙwayar a 1984 don ya gamsar da abokan aikinsa da suka ƙi yarda, bayan 'yan kwanaki kuwa tumbinsa ya kumbura. An ba su kyautar Nobel a 2005. Na biyu shi ne magungunan kashe zafi irin su aspirin da ibuprofen da diclofenac, waɗanda mutanenmu ke saya a kemis suna sha kamar gyaɗa saboda ciwon jiki ko ciwon mara. Sai kuma barasa, sannan akwai wani nau'i da ba shi da yawa inda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa tumbin mai ita.

To ina lemo ya shigo? Masana suna auna tsami da wani ma'auni wanda ƙaramin adadi a kansa ke nufin tsami mai ƙarfi, kuma tazarar kowace lamba ɗaya ninki 10 ce. Ruwan tumbi yakan kasance tsakanin 1.5 da 3.5 a kan wannan ma'auni, ruwan lemon tsami tsakanin 2 da 3, na lemon zaƙi kuma wajen 3.5 zuwa 4. Ma'ana, tumbin da babu abinci a cikinsa yana iya fin lemon zaƙi tsami har ninki 100, saboda haka tumbi mai lafiya ba ya ko jin ɗuriyar lemon. Amma duk macen da ta taɓa matse lemon tsami alhali akwai yankan wuƙa a yatsarta ta san abin da zai biyo baya. Lemon bai yanke ta ba, raɗaɗin da ya tayar kuwa na gaske ne. Kwatankwacin haka ke faruwa a tumbin da ya riga ya kumbura, kuma ya fi tsanani ga wanda ke fama da ƙwannafi, domin bututun da ke kai abinci daga maƙogwaro zuwa tumbi ba shi da irin kariyar da tumbi ke da ita.

Wannan ne ya sa likitocin ciki a yau ba su cika bai wa majiyyaci dogon jerin haramtattun abinci kamar yadda ake yi a da ba. Abin da suke cewa shi ne mutum ya guji abin da ya tabbatar yana tayar masa da ciwo, ya ci sauran. Mutane sun bambanta ƙwarai a nan: wani zai sha lemon zaƙi biyu ya kwana lafiya, wani kuwa ɓari guda ya ishe shi juyi a gado.

Su ma lemukan ba ɗaya suke ba. Lemon tsami ne kan gaba wajen tsami, garehul, wato babban lemon nan mai ɗan ɗaci, na biye da shi, sai lemon zaƙi, tanjarin da ya nuna sosai kuwa yakan fi sauƙi. Nuna ma tana da tasiri, domin lemon farkon kaka da ake cirewa kafin ya ƙosa ya fi na tsakiyar kaka tsami, kuma duk wanda ya saba sayen lemon Binuwai a kasuwar 'Yan Lemo ta Kano ya san bambancin. Haka nan cin lemon da totuwarsa ya fi matse ruwansa, saboda kofi ɗaya yakan cinye lemo biyu ko uku, ya kuma sauka cikin tumbi gaba ɗaya babu abin da zai tare shi. Tunda kuma mu Hausawa mun ara wa abin sha na kwalba sunan lemo, bari in faɗa a nan cewa shi ya fi na itace matsala, musamman baƙin, wanda tsaminsa ya kusa na lemon tsami, ga iska mai cika ciki, ga kuma kafeyin mai ƙara sa tumbi fitar da asid.

Maganar ƙawarki ta samo asali ne daga wata gaskiya da aka ɗora a inda ba muhallinta ba. Bayan hanji ya tsotse sinadarin tsamin lemo, jiki ya sarrafa shi, abin da ya rage yakan rage tsamin fitsari, shi ya sa ma ake amfani da dangin wannan sinadari wajen hana wasu nau'o'in tsakuwar ƙoda. Sai dai duk wannan yana faruwa ne bayan lemon ya wuce tumbi. Lokacin da yake cikin tumbin, tsami ne tsagwaronsa, kuma sassafe kafin a ci komai shi ne lokacin da bangon tumbi ya fi zama a fili. A ganina, a duk hanyoyin shan lemo babu wadda ta fi wannan rashin dacewa da mai irin ciwonki. Ba ya kuma kashe ƙwayar Helicobacter, wadda ke rayuwa lafiya lau a cikin tumbi duk da cewa ruwan asid ɗinsa yakan fi na lemon tsami ƙarfi.

Duk da haka ba zan ce ki rabu da lemo har abada ba, domin jikinki na bukatar bitamin C. An tabbatar cewa masu ɗauke da ƙwayar nan suna da ƙarancin wannan bitamin a ruwan tumbinsu, kuma shi ne ke taimaka wa hanji tsotsar sinadarin ƙarfe daga wake da ganyaye, abin da mace mai jinin al'ada ba za ta yi wasa da shi ba. Lemon zaƙi matsakaici guda ɗaya yana ɗauke da kimanin miligiram 70, wanda ya kusa cika bukatar babban mutum ta yini. Kafin ki warke kina iya samun wannan daga gwanda, wadda giram 100 nata ke da kimanin miligiram 60 kuma ba ta da tsami, ko daga gwaiba nunanniya wadda ta ninka lemon zaƙi kusan sau huɗu, ko daga tattasai marar yaji da kabeji da zogale. Ki lura kuma cewa barin lemo a koma zoɓo da kunun tsamiya da ƙwalba da nono gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin su ma tsami ne.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki bar lemo kowane iri muddin zafin yana nan. Idan kika yi kamar mako biyu babu ciwo, ki gwada rabin tanjarin ko rabin lemon zaƙi nunanne bayan kin ci abincin rana, kada ki haɗa shi da wani sabon abu a ranar don ki san mai laifi idan ciwo ya taso. In kin kwana lafiya sai ki riƙa ƙarawa sannu a hankali, in kuma ya motsa ki sake jinkirtawa. Lemon tsami shi za ki bari a ƙarshe, shi ma 'yan ɗigo a kan kifi ko kwaɗo.

Akwai abin da ban gani a wasiƙarki ba, kuma ya fi batun lemo muhimmanci: ko an yi miki gwajin Helicobacter? Ana yin sa ta bayan gida, ko ta numfashi, ko ta ɗan naman da ake tsinka lokacin zura kyamara. Ki tambayi likitanki, ki kuma gaya masa kina kan omeprazole, domin yakan ɓoye ƙwayar a gwajin bayan gida da na numfashi, shi ya sa ake dakatar da shi mako biyu kafin a yi. Idan an same ta, maganinta haɗin magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne tare da mai rage asid, galibi na kwana 14, kuma dole a shanye shi duka. Ki daina shan ibuprofen da danginsa sai da iznin likita, paracetamol ya fi sauƙi ga tumbi. Idan kuma kika ga aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, ko rama ba dalili, ko abinci yana tsaya miki a ƙirji, ki tafi asibiti a ranar.

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne a Maraɗi, ina da irin wannan ciwo, kuma ina azumin Litinin da Alhamis. Na saba buɗa baki da lemon zaƙi mai sanyi. Ko akwai illa?

AMSA: Allah ya karɓi ibada, Malam. Tumbin da ya yini babu komai tun asuba shi ne ya fi saurin jin raɗaɗin tsami, saboda haka ka sauya tsarin. Ka buɗa baki da dabino da ruwa, ka sha kunun gyaɗa wanda ba a cika masa tsamiya ba ko wani abu mai laushi, ka ci abincinka ba tare da ka cika tumbi ba, sa'annan ka ci lemon in ba ya tayar maka da ciwo. Idan kana shan omeprazole sau ɗaya a yini, kimanin rabin sa'a kafin sahur ya fi dacewa, domin yana aiki sosai ne in an sha shi kafin abinci. Ka rage goro da shayi mai kauri da kofi a daren. Idan azumin yana sa ka amai ko ciwo mai tsanani, ka dakatar da shi har ka ga likita, tunda dai nafila ce.

TAMBAYA: Mahaifina yana da hawan jini da kumburin bangon tumbi. An ce garehul yana sauke jini, shi ne muke matse masa kullum. Mu ci gaba?

AMSA: Ku dakata tukuna, ku kai wa likitansa ko mai haɗa magani duk ƙwayoyin da yake sha ya duba. Baya ga tsaminsa da zai iya tayar wa Baba da ciwon ciki, garehul yana da wata matsala tasa ta daban wadda wasu masu bincike a Kanada suka gano a ƙarshen shekarun 1980. Akwai sinadarai a cikinsa da ke hana hanji rage ƙarfin wasu magunguna kafin su shiga jini, sai maganin ya taru a jiki fiye da yadda likita ya nufa. Daga cikinsu akwai na hawan jini irin su nifedipine da felodipine, da na rage kitsen jini kamar simvastatin. Jinin dattijo na iya faɗuwa ƙasa fiye da kima har jiri ya ɗebe shi. Raba lokacin shan maganin da na garehul ɗin ba ya wadatarwa, domin tasirin kofi ɗaya yakan wuce yini guda. Lemon zaƙi na gama-gari ba shi da wannan illa, don haka in tumbin Baba yana karɓarsa ana iya ba shi kaɗan bayan abinci. Idan kuma yana da matsalar ƙoda, kada a haɗa masa ruwan lemo kowane iri da farin ruwan maganin olsa mai ɗauke da sinadarin alminiyum, saboda tsamin lemo yana sa hanji ya tsotsi alminiyum ɗin da yawa, ƙodar da ta raunana kuwa ba ta iya fitar da shi.