Wasa, koɗa da zuga: amsar tambayoyinku kan kalmomin yabo da girma

Wani malamin makarantar boko daga Madawa ya rubuto yana tambaya: "Mene ne bambancin a yabi mutum, a wasa shi, a koɗa shi, da a zuga shi? Ɗalibaina duk abu guda suke ɗaukar su."

Malam, ba abu guda ba ne. Yabo shi ne faɗin alherin da ke ga mutum, ko yana wurin ko ba ya nan, kuma mai faɗa ba lalle yana jiran komai ba. Sauran ukun kuwa daga aikin hannu aka aro su. Wuƙa ake wasawa a dutse don ta yi kaifi. Dutsen niƙa ake koɗawa: in ya yi sulɓi ya daina cin hatsi, sai uwargida ta sami abin bugu ta yi ta ƙwanƙwasa fuskarsa har ta yi kaushi. Zuga kuwa ta maƙera ce, inda yaron maƙeri ke danna zugazugi har gawayi ya yi jawur. A duka ukun, kayan aiki ne ake gyarawa don ya yi wa mai shi amfani. To haka wanda aka wasa ko aka koɗa yake a hannun mai magana: ana so ya yi kyauta, ko ya yi faɗa, ko ya aikata abin da da hankalinsa kwance ba zai yi ba.

Ku je wurin ɗaurin aure a nan Tawa ku tsaya kusa da sanƙira. Ba da sunan attajirin yake farawa ba. Kakansa yake fara kira, ya ambaci garin da suka taso, ya gangaro kan mahaifi, sannan ya ɗan yi shiru yana kallon hannun mutumin. In hannu bai nufi aljihu ba, sai ya ƙara murya ya kawo kyautar da wani ɗan uwansa ya yi bara. Nan take jika guda za ta fito. Wannan shi ne koɗawa, kuma in ta wuce gona da iri, ta zama ta neman abin duniya zalla, sunanta tumasanci ko bambaɗanci. Ita kalmar bambaɗe daga Fulatanci muka samo ta. A ganina zuga ta fi su haɗari, don ita ce kaɗai ake yi wa mutum a kan wani: "an zuga shi ya saki matarsa". Ba ka taɓa jin an ce an yabe shi ya saki matarsa.

Wani matashi daga unguwar Bukoki a Yamai ya ce: "Hausawa sun ce yabon kai jahilci. To yaya ɗan kokowa zai shiga fili yana yi wa kansa kirari, jama'a na tafi?"

Ɗana, tambayarka ta yi ma'ana. Yabon kai da karin maganar ke zargi shi ne wanda ba a neme ka ba, kuma babu mai gwada ka. Kirarin ɗan kokowa alkawari ne a gaban shaidu. Ya ɗaga hannu, layu na reto a damtsensa, ya ce "sai ni", ya kira ubangidansa da garinsu, alhali abokin karawarsa na tsaye yana ji. Bayan ɗan lokaci ƙasa za ta raba gardama. Tun da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a nan Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, ƴan kallo ba sa manta kirarin wanda ya cika baki ya sha kaye.

Kuma kada a ɗauka kirari yabo ne kullum. Siffanta abu ne da halinsa a taƙaice, mai kyau ko maras kyau. Damo sarkin haƙuri ne, amma kaza "ci ki goge baki" aka ce mata, kuma duk kirari ne. Garuruwa ma suna da nasu, kamar Kano tumbin giwa. In kirarin ya koma bakin ganga ko kalangu ko algaita, ya zama take: mai shi yana jin kiɗan ya san da shi ake, ko ba a furta sunansa ba. Daga nan muka sami "taken ƙasa", irin wanda Nijar ta sauya a 2023 bayan ta yi amfani da na farko tun 1961.

Wata Hajiya daga Ƙonni tana son sanin wa ake ce wa mai martaba, wa ake ce wa mai girma.

Hajiya, martaba da daraja duk Larabci ne. Daraja asalinta matakin hawa, martaba kuwa matsayi a jeri, tushensu guda da tartibi. Shi ya sa suka dace da sarauta, inda kowa ya san wanda ke gabansa da wanda ke bayansa. Al'ada ta ware "mai martaba" ga sarakuna, kamar Sarkin Adar na Illela, "mai alfarma" ga Sarkin Musulmi na Sakkwato, "mai girma" ga shugaban ƙasa da gwamna da minista, "mai shari'a" ga alƙali. Baki da baki kuwa, mu mutanen Adar "ranka shi daɗe" muke cewa inda Bakano zai ce "ranka ya daɗe", malami kuma "Allah shi gafarta malam". Karramawa da karamci su ma Larabci ne, dangin sunan Karima da Abdulkarimu. Abin da ba na so shi ne yadda masu gabatarwa a taro ke jera wa mutum guda mai girma, mai daraja, mai martaba a numfashi ɗaya. In an ba ɗan majalisa martaba, me za a ce in sarki ya shigo?

Ta kuma tambayi girma da mutunci. Girma ba ka ake yi, saboda shekaru ko muƙami ko ilimi, kuma wanda ya ɗora wa kansa an ce girman kai rawanin tsiya. Mutunci daga "mutum" ya fito, kowa da nasa aka haife shi, talaka da basarake. Shi ya sa ake cin mutunci, ake zubar da shi, ake kare shi, har aka ce madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Yaro ƙarami ba shi da girma tukuna, amma yana da mutuncin da za a iya ci.

Ga mai tambayar ma'anar "yaba kyauta tukuici": godiyar baki ba ta isa ba, ɗan abin da aka ba ɗan aike shi ke nuna kyautar ta shiga rai. Sai dai ku masu rubutu a waya ku kula da ƙugiya, don saƙonka "yaɓa kyauta" ya iso mini. Yaɓa ta laka ce da baƙar magana, da ɓ mai ƙugiya. Ta yabo da b ake rubuta ta.