Wuyan jita ne ke canza sauti, ko sunan mai kiɗan ake saya?

Malam, ka tambaya ko jitar lantarki mai sunan fitaccen makaɗi ta fi saura daɗin sauti saboda yadda aka haɗa wuyanta. Wuyan yana da tasiri, amma bai kai yadda 'yan kasuwa ke zuzutawa ba.

Kamfanin Fender da sukurori huɗu suke ɗaure wuyan jitarsu Stratocaster, kamfanin Gibson kuwa da gam suke manne na jitarsu Les Paul, wadda ita kanta sunan makaɗi ce tun 1952. Ana cewa mai gam ta fi jan sauti, mai sukurori ta fi kaifi. Ni dai na fi ɗora bambancin a kan maganaɗisun da ke ɗaukar motsin waya, da kuma tsawon wayar: inci 25.5 a Fender, 24.75 a Gibson. Doguwar waya ta fi ɗamewa, shi ya sa sautinta yake fita tsaf.

Jitar da Fender suka fitar da sunan makaɗi Eric Clapton a 1988, bayan wuyanta mai siffar V ne. Wannan daɗin riƙo ne a hannunsa, ba lallai naka ba. Kafin ka biya kuɗin suna, je ka riƙe ta minti goma.