Na rage ƙiba amma nonona bai ragu ba, ko in je a yi mini tiyata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekaruna 31, yarana biyu, wata goma ke nan da yaye ƙaramin. Tun ina budurwa nake da manyan nonuwa, bayan haihuwa kuma abin ya ƙaru. Cikin wata takwas na sauko daga kilo 96 zuwa 84, tsawona mita 1.62, burina kuma in kai kilo 72. Kayana duk sun yi mini yawa, amma nonon bai wani ragu ba, sai ma zubewa da ya yi. Wuyana da bayana kullum ciwo, igiyar rigar mama ta yi mini shaida a kafaɗa, ƙasan nonon kuma da zarar zafi ya shigo sai ƙuraje da ƙaiƙayi. Idan na ci gaba da ramewa zai ragu? Ko in je a rage mini shi yanzu in huta? Ina kuma son ƙara haihuwa in Allah ya yarda.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da ƙoƙari, kilo 12 cikin wata takwas ba ƙaramin aiki ba ne, kuma da wannan tafiyar ta a hankali ake so a sauka. Ciwon da kike faɗa kuwa gaskiya ne, ba raki ba ne. Nauyin da ke rataye a ƙirji dare da rana yana jan kafaɗu gaba, tsokar wuya da ta gadon baya su yi ta aikin riƙo ba hutu. Wasu matan har yatsunsu kan yi mutuwar jiki. Na faɗi wannan tun farko ne saboda mata da yawa sukan shekara goma suna haƙuri da shi, don da sun buɗe baki sai a ce ai wasu nema suke yi ba su samu ba.

Abin da ya sa naki bai bi sauran jiki ya ragu ba yana cikin yadda aka halicci nonon. Ba kitse zalla ba ne. Akwai kitse, akwai naman da ke haɗa ruwan nono da hanyoyinsa, akwai kuma wasu siraran zaruruwa da ke ɗaure shi da fata da ƙirji. Rama kitse kawai take ci, ba ta taɓa naman da ke haɗa ruwan nono. Macen da nononta yawancinsa kitse ne, da ta zubar da kilo goma sai ta ga rigar mamanta ta yi mata fanko. Wadda kuma nata nama ya fi yawa, ko ta koma kamar sanda zai tsaya kusan yadda yake. Rabon nan gado ne da shekaru: a ƙuruciya naman ya fi yawa, bayan jinin al'ada ya ɗauke kitse kan maye gurbinsa. Ke da kika ce tun kina budurwa kike da shi, kuma kilo 12 bai motsa shi sosai ba, na fi zaton naki na nama ne. Zai ɗan ƙara raguwa kafin ki kai 72, amma ba na so ki sa ran zai koma ƙarami. Jiki kuma ba ya karɓar umarnin inda zai fara cire kitse, don haka babu motsa jikin da ke rage nono shi kaɗai. Motsa tsokar ƙirji da ta baya yana gyara tsayuwa ya rage ciwo, shi ke nan amfaninsa a nan, kuma amfani ne babba.

Zubewar da kika gani ita ma tana da dalili. Fata da zaruruwan nan sun miƙe lokacin ciki biyu da lokacin ƙiba, yanzu abin da ya cika su ya ragu, su kuma ba roba ba ne da za su koma daidai. Ciki ne da kansa ya fi jawo wannan, ba shayarwa ba kamar yadda ake yawan ɗora mata laifi. Man shafawa ko sabulu ko shayin da ake tallatawa a Instagram da TikTok da sunan ɗaga nono ko rage shi, babu wanda ke yin aikin. Ki adana kuɗinki, musamman na sha, domin wasunsu ba a ma san me aka zuba a ciki ba, hanta da ƙoda ne ke biyan bashin.

To, tiyata fa? Ra'ayina shi ne kina cikin matan da aikin nan zai iya yi wa amfani ƙwarai, amma ba yanzu ba. Dalilin farko nauyinki ne. A ma'aunin da likitoci ke gwada nauyi da tsawo, wanda ake kira BMI, kin sauko daga kusan 37 zuwa 32, a kilo 72 kuma za ki kai wajen 27. Idan ma'aunin ya haura 30, ɗinkin tiyata ya fi saurin buɗewa ko ɗaukar ruwa, rauni ya fi jinkirin warkewa. Na biyu kuma, likitan tiyata yana yanka ne daidai da jikin da ya gani a gabansa. Idan aka rage miki yau sannan kika ƙara zubar da kilo 12, nonon da aka gyara zai sake saki, ga tabo ga zubewa. Shi ya sa ake so mace ta kai nauyin da za ta iya riƙewa, ta zauna a kansa kamar wata shida, sannan a yi magana. Ba dole sai kin taɓa 72 ba. In jikinki ya tsaya a 76 kuma kina jin daɗinsa, nan ne wurinki.

Maganar haihuwa ita ce ta fi buƙatar ki zauna da ita, ke da maigidanki. A aikin da aka fi yi, ana barin kan nono maƙale da wani yanki na naman da ke ƙarƙashinsa, da jijiyoyin jininsa, a ɗaga shi sama, a cire nama da kitse da fatar da suka yi yawa. Mata da dama suna shayarwa bayan haka, amma wasu ruwan ba ya isar jariri sai an haɗa da madarar gwangwani, kuma babu likitan da zai iya yi miki alkawari tun kafin aiki. Idan nonon ya yi girma ainun har sai an cire kan gaba ɗaya an sake dasa shi, to shayarwa ta ƙare. A wurinmu da ake shayar da yaro wata goma sha takwas zuwa shekara biyu, madarar gwangwani kuma ga tsada ga buƙatar ruwa mai tsafta kullum, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sabon ciki ma yana iya sake kumbura nonon ya ɓata gyaran. In haihuwar da kike so nan kusa ce, shawarata ki haihu, ki yaye, ki jira aƙalla wata shida ruwan ya ƙafe jiki ya daidaita. In kuwa ciwon ya hana ki barci da aiki, haihuwar kuma da sauran shekaru, kina da hurumin zaɓar aikin tukuna, muddin kin san abin da kike sayarwa.

Shi aikin kansa na sa'a biyu zuwa huɗu ne, a sa ki barci gaba ɗaya. Tabon yana zagaye kan nono, ya gangara ƙasa, sau da yawa ya bi ninkin ƙasan nonon, kuma ba ya ɓacewa, dusashewa kawai yake yi. Mu masu baƙar fata muna da ƙarin abin lura: tabonmu ya fi saurin tashi ya yi tudu yana ƙaiƙayi, abin da likitoci ke kira kiloyid. Ki duba hujin kunnenki, ko lambar rigakafi a dantsenki, ko tabon tiyatar haihuwa in an taɓa yi miki. In akwai wanda ya yi tudu, ki nuna wa likita tun ranar farko. Jin taɓawa a kan nono yana iya raguwa na ɗan lokaci, wani zubin har abada, kuma nonuwan biyu ba za su zama daidai wa daida ba, kamar yadda dama ba haka suke ba. Bayan aiki sai kusan mako shida babu ɗaukar kaya mai nauyi, har da goyo da bokitin ruwa, siffar kuma ba ta gama zama sai an yi wata shida zuwa shekara. Duk da wannan, yawancin matan da aka yi wa saboda ciwo sukan ji sauƙin wuya da baya cikin makonnin farko, kuma yana cikin ayyukan da masu su suka fi gode wa.

Wanda zai yi shi ya zama ƙwararren likitan tiyatar gyaran jiki mai rajista da hukumar likitoci ta MDCN, a asibitin da ke da likitan sa barci da tanadin jini. Irin waɗannan sassa akwai su a manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Ki gaya masa in kina da ciwon suga, hawan jini, sikila ko ƙarancin jini, da duk maganin da kike sha, har na gargajiya. Mai shan taba ko shisha dole ta daina makonni kafin aiki, domin hayaƙin yana tsuke jijiyoyin da ke ciyar da kan nono. Ki tabbata kuma naman da aka cire za a kai shi ɗakin gwaji. Ta fuskar addini, malamai suna bambanta aikin kawar da cuta da na ado zalla, ki kai wa malamin da kika amince da shi bayanin ciwon kamar yadda kika kawo mini.

Kafin lokacin, ki sake auna kanki, domin rigar maman da kike sawa a kilo 96 ba taki ba ce yanzu. Maɗaurin da ke zagaye ƙirji shi ya kamata ya ɗauki yawancin nauyin, ba igiyar kafaɗa ba. Shaidar da ke kafaɗarki alama ce maɗaurin ya yi sako-sako. Ki nemi mai faffaɗar igiya. Ƙasan nonon ki riƙa busar da shi sosai bayan wanka, ki sa ƙyallen auduga a ninkin, in ya yi ja yana tsagewa ko yana wari ki je asibiti, yawanci ƙwayar cutar fata ce irin ta naman gwari kuma man shafawa na maganinta. Abu ɗaya ne ba ya jira: in kin ji ƙullutu, ko nono ɗaya ya sauya shi kaɗai, ko kan ya shige ciki, ko jini na fita daga gare shi, ko fatar ta yi ramuka kamar ɓawon lemo, ki je a duba ki a makon nan.